Ranar da Aka Yi wa Dabino Askin Sallah

Duk wanda ya ce maka Dubai busasshen gari ne, ka tambaye shi a wane wata ya zo. In ya ce da sanyi, ka ƙyale shi, ɗan yawon buɗe ido ne. Mu da muka sha bazara a nan mun san gari ne da aka kafa a bakin tukunyar da ke tafasa. Ruwan sama dai ba ya sauka, amma iskar kanta jiƙaƙƙiya ce, teku ce ke yi mana huci dare da rana. Ka fito daga mota, tabaraunka ya rufe ruf, ka tsaya kana lalube kamar wanda aka watsa wa kunu a fuska. Na taɓa shanya singileti, da na koma ɗauka bayan kwanaki sai na tarar ta fi yadda na shanya ta jiƙa. Ban yi ƙari ba. To, in ma na yi, kaɗan ne.

Wannan laimar ita ce mutanenmu ba sa ganewa. Muna ganin rairayi da raƙuma a hoto sai mu ɗauka gida muka dawo. Rashin ganewar nan ne ya ja mini abin da har yau in na tuna sai shayi ya fita a raina.

Sitonmu yana Ras Al Khor, tsakanin garejin gyaran motoci da masu sayar da kayan gyara. Mu uku muka haɗa muka kama shi, muna tara kayan 'yan kasuwa muna loda musu a kwantena zuwa gida. Akwai ni, akwai Alhaji, wanda ya girme mu nesa ba kusa ba, shi ya riga mu zuwa ƙasar, kuma ta hannunsa na samu bizata ta farko, saboda haka ba a yi masa musu sai da dabara. Sai kuma wani Badamagare, abokin wasana, dogo siriri kamar an ja shi da igiya, wanda ba ya iya gaishe ka bai sa Faransanci ba.

A tsakar filin siton akwai bishiyar dabino guda ɗaya tak. Duk layin, daga wannan kai zuwa wancan, ba wani kore sai ita, in ka cire fentin wata tsohuwar mota. Mai wurin wani dattijon Balarabe ne, ya ce shi ya dasa ta da hannunsa tun wurin yana fili fetal, kafin a zo a kewaye ta da kwano da ƙarfe. Yakan zo a wata tsohuwar a-kori-kura, ba don mu ba, don ita. Sai ya gama zagaya ta, ya shafa ta, ya yi mata 'yan maganganu ƙasa-ƙasa, sannan ya tuna akwai mutane a wurin ya ce mana salamu alaikum. A inuwarta muke shimfiɗa tabarma da la'asar, a nan ake shan shayi, a nan ake gyara Najeriya da baki kullum a wayi gari ta sake lalacewa.

Bakina ne ya jawo mini. Wata rana muna hira da dattijon, da ɗan Larabcin kasuwa da nake ji, na ce masa ai mu a ƙasarmu dabino har awaki sun gaji da shi, gonar kakana kuwa in doki ya shiga ta gabas, kafin ya fita ta yamma ya tsufa. Ni hira nake yi, kowa a wurin ya sani. Shi kuwa ashe ya riƙe. Da ciwon gwiwa ya matsa masa, 'ya'yansa suka shirya kai shi ƙasar waje a yi masa aiki, sai ga shi ya zo takanas, ya wuce Alhaji, ya wuce Badamagare, ya kama hannuna ya ja ni gindin bishiyar.

Ya nuna mini yadda ake ba ta ruwa: da sassafe, a cikin kwarmin da ya yi mata a ƙasa, shwayya shwayya, wato sannu-sannu, kada ruwa ya taɓa jikinta. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce kada ƙarfe ya kusance ta sai sanyi ya shigo, ko a lokacin ma busasshen reshe kawai ake cirewa, ɗanye haram. Ya ce iskar bakin teku ba ta warkar da ciwo, kuma akwai wani jan ƙwaro da ke jiyo ƙanshin ɗanyen yanka daga nesa. Daga nan ya ɗora tafin hannuna a jikinta, ya ɗora nasa a kan nawa, ya ce, "Amana."

Kalmar nan ba ta buƙatar tafinta. Na ji ta sauka a kafaɗata kamar buhun siminti.

Kuma na riƙe, wallahi na riƙe. Ni da ko a gida sai an yi da gaske nake tashi, sai ga ni ina baro masaukina a Al Qusais tun gari bai gama wayewa ba don in ba bishiya ruwa. Na hana a zuba mata guntun shayi. Na hana direbobi jingina taya a jikinta. Wani baƙo ya ɗauko ƙusa zai kafa don ya rataye rigarsa, ihun da na yi sai da kanikawan maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa aka yanka. Ita ma ta ji daɗina. Ta fitar da nonna manya-manya suna reto, 'ya'yan suka fara juyawa daga kore zuwa ruwan ɗorawa. Ina kallonsu ina hura hanci kamar ni na haife su.

Sai Babbar Sallah ta zo, a tsakiyar zafi.

Ranar jajibere na tafi unguwar Port Saeed, nan cikin Dubai, karɓo takardun wata kwantena. Wakilin jirgin ya yi ta juya ni da "bukra inshallah", ina ce masa gobe Sallah ce bawan Allah, yana ce mini to jibi inshallah. Ban samu kaina ba sai bayan azahar. Da na shawo kwanar layinmu na doshi ƙofar sito, sai na taka birki, na ɗauka ɓatan kai na yi. Filin ya yi wani irin haske fayau kamar an ɗauke wa gida rufi.

Na ɗaga kai. Inna lillahi.

An yi mata tal-kwabo. Duk rassan nan da ke baje kamar lema an zubar da su, an bar mata ɗan tukku a tsakiyar ka irin na yaron ƙauye. Nonnan dabinon suna rataye tsirara a rana. Ga Badamagare a ƙarshen tsani da zarto a hannu yana goge gumi. Ga Alhaji a ƙasa ya goya hannu a baya yana duba aiki, fuskarsa cike da annuri. A gefe kuma leburori suna ɗaure rassan a kan wasu ƙarafa.

Na ce, "Alhaji, me nake gani haka?"

Ya ce, "Kwalliyar Sallah. Kai ma ka samu ka je a rage maka, kan nan naka ya yi buzu-buzu."

"Alhaji, mai wurin nan ya ce kada ƙarfe ya taɓa ta!"

"Ai bai san Sallah za ta riske ta a haka ba. Gobe mutanenmu za su cika wurin nan, har da na Sharja. A zo a tarar da bishiya ta yi gizo kamar mahaukaciya? Mutuncinmu fa? Ga shi mun samu na rumfa a kyauta."

Na ce, "Wato kun sare inuwa don ku yi inuwa."

Ya ce, "Kai dai ka cika surutu. Darbejiyar ƙofar gidana a Kano duk shekara sai na sa an yi mata haka. Kafin damina ta yi nisa ta dawo ta fi da."

"Allah ya ba ka nasara, wannan ba darbejiya ba ce."

"Itace itace ne."

Daga sama Badamagare ya leƙo ya ce, "Doucement, mon ami, kar jininka ya hau. Ku Kanawa ina kuka san dabino in ba a faranti da azumi ba? Bar wa iyayen gidanka aikinsu."

Na ce, "Sauko, bawana, sauko in nuna maka ubangida. Ku da in kun ga itace ɗaya a Damagaram sai ku tara gari a zo kallo!"

Ya yi dariya har tsanin yana rawa, kuma Allah ya sani a ranar na yi wa tsanin nan addu'ar da ba ta dace da jajibere ba.

Washegari aka cika, aka ci nama, aka sha lemo a ƙarƙashin rumfar da ba ta tare komai, kowa na tsiyayar gumi yana cewa kai, wuri ya yi fes. Ni naman ma kamar tsumma nake taunawa. Duk wanda ya ce mini barka da Sallah sai in ga kamar gaisuwar mutuwa yake yi mini.

A gida, in ka sare reshe da hantsi, kafin magariba rana ta ƙone bakin yankan ya bushe ƙamas. A nan kuwa aka yi mako, aka yi biyu, kowane yanka yana nan ɗanye sharaf yana zubar da ruwa kamar idon mai ciwon ido. Sai wani tsami ya fara tashi. Wani bakanike maƙwabcinmu, mutumin kudancin Najeriya, ya shigo yana buɗa hanci, ya ce, "Alhaji, ashe kun fara bammi ba ku gaya mini ba?" Alhaji ya yi ta a'uziyya, ni kuwa na ce masa ya dawo jibi, lokacin ya nuna.

'Ya'yan dabinon da ba su da sauran inuwa rana ta gasa su ta sama, laima ta kumbura su ta ciki, suka dinga tsagewa suna zubowa ƙasa baƙi-ƙirin. Ƙudaje suka yi taron da ko a kasuwar kifi ban taɓa gani ba. Ina tsammanin har daga Oman wasu suka zo.

To da a ce an bar ni da ciwon da aka yi, da sauƙi. Sai aka shiga magani. Garin neman gira, ka san sauran.

Alhaji ya duba ya ce ƙishirwa ce. Ya kafa doka, duk mai alwala a gindinta zai yi, ga ruwa ga albarka. Sito ne da ke karɓar baƙi, wata rana sai ka ga mutum goma sha a layi kowa da butarsa, suna kurkure baki suna fesa mata a jiki. Gindin ya zama fadama, har na fara tunanin yafa irin shinkafa. In na kwashe butocin na kai bayan sito, kafin in juyo an dawo da su. Na ce, "Alhaji, ruwa ya yi mata yawa." Ya ce, "A wannan zafin? Kai ka taɓa jin wanda ruwa ya yi wa yawa a sahara?" Na nuna masa rigarsa da ta manne masa a baya kamar an tsamo shi daga rijiya, na ce, "Wannan ce saharar?" Ya ce in kiyaye shi.

Shi kuwa Badamagare sai ya tuno yadda ake shafa wa katakon rufi baƙin mai saboda gara. Wata safiya na shigo na tarar da shi da galan na baƙin man da ya roƙo a gareji, da burushi, ya riga ya fara yi wa yankan ƙasa fenti.

Na ce, "Kai! Mota ce?"

Ya ce, "C'est la science, Bakano. Ba ƙwaron da zai shiga."

Na kama galan, ya riƙe. Na ja, ya ja. Mutum biyu masu furfura a gemu, masu iyali, muna kokawa da galan a tsakar rana, leburori sun ajiye kwali suna kallo, wani har yana ɗauka a waya. Ƙarshe murfin ya fita. Farar shaddata, wadda na ɗinka don Sallah, ta koma kamar an yi shara da ita a bututun hayaƙi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To kai dai gara ba za ta ci ka ba."

Duk wannan ana yi, ɗaya daga cikin 'ya'yan dattijon yana turo mini saƙon muryar mahaifinsa daga asibiti lokaci-lokaci. Sai in ji muryar tsohon a raunane yana tambayar yaya bishiyarsa. In ce alhamdu lillahi, in yi sauri in shiga tambayar gwiwa. Bayan na aika sai in zauna in yi tagumi.

Abin da yake tsoro kuwa ya zo. Na fara ganin wani gari-gari ja yana fitowa daga ramukan yankan, haɗe da ruwa mai yauƙi. Na kara kunnena a jikinta. Jama'a, na ji ana ci. Ƙus-ƙus-ƙus, kamar an rufe yara a ɗaki da buhun gurguru. Nan na ga wasa ya ƙare. Na kira ɗan na gaya masa komai, tun daga zarto har galan. Ya ce kada tsohon ya ji sai ya warke, zai turo masu magani.

Suka zo da na'urar huda, suka huda jikinta wuri-wuri suka ɗura magani, suka kankare inda ya ruɓe, suka toshe ramukan. A wani rami suka zaro tsutsa fara mai kaurin babban yatsana, irin gwazarmar juji, tana motsi a ƙoshe. Suka ce ko ta rayu ko ta mutu, ya danganta ko tsutsotsin sun kai ga zuciyarta, don dabino zuciya ɗaya gare shi, can a tsakiyar ka, in ta tafi shi ke nan.

Alhaji ya sunkuya ya ƙare wa tsutsar kallo. Na ce yau dai zai ce wani abu. Ya miƙe ya ce, "Ka gani ko? Ashe da ma tana da tsutsa. Allah ne ya sa muka yi askin nan, da ba a gani ba."

Ban san lokacin da na shiga cikin kwantena na rufo ƙofa ba. Na yi maganganu a ciki, na gaya wa katan-katan na takalma abin da ba zan iya gaya wa Alhaji ba. Da zafi ya kusa kashe ni na fito na ce masa haka ne, Alhaji.

Daga ranar na zama maigadi. Na kwance kan famfon tsakar fili na sa a aljihu, mai alwala ya zagaya baya. Na kewaye ta da tsofaffin katakon lodi. Na ajiye kujera a gefe, a nan nake amsa waya, a nan nake cin abinci, a rana, don ba inuwa. Aka sa mini suna Sarkin Dabino. Badamagare in zai wuce sai ya cire hula ya ce, "Ranka ya daɗe, yaya jikin gimbiya?" Tukkun nan nata kuwa ya yi ta sunkuyawa, kullum da safe kafin in yi wa kowa sallama sai na ɗaga kai na ga ko ya faɗo.

Bai faɗo ba. Da iska ta fara sassautawa, sanyi ya leƙo, wata safiya na hango wani abu kore siriri ya tsiro a tsakiyar kanta, tsaye kamar mashi. Na yi kabbarar da ta sa wani direba ya taka birki a titi.

Ba a daɗe ba dattijon ya dawo. Ɗansa ya tuƙo shi, ya sauko da sanda a hankali. An riga an gaya masa a gida, amma ji daban gani daban. Na kwana biyu ina haɗa jawabi da Larabci, har da abin da zan yi da hannuna. Da na ga yadda ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga kai, jawabin ya bi iska.

Ya tako har gindinta. Ya zagaya ta, yana sa yatsa a kowane tabo, ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko wanda baƙin mai ya taɓa ba. Ya yi mata magana ƙasa-ƙasa yadda ya saba, amma wannan karon ta yi tsawo. Alhaji ya matso da babbar riga yana murmushi ya ce, "Ya Hajji, mun sha fama, amma mun ceto ta." Dattijon ya amsa masa gaisuwa da kyau, ya juyo gare ni.

Na ce, "Baba, wallahi ba na nan. Na je Port Saeed, kafin in dawo sun..."

Ya ɗaga hannu. Ba faɗa, ba ɗaga murya. Ya ce, "Ba su na ba wa ba."

Shi ke nan abin da ya faɗa. Har shayinmu ya sha, ya tambayi iyalanmu, ya yi mana addu'a. Da ya zage ni ta uwa ta uba, da na fi samun abin riƙewa.

Bayan 'yan kwanaki sai ga babbar mota mai ƙugiya da ma'aikata. Suka haƙa rami kewaye da ita, suka naɗe saiwar da buhu, suka ɗaure ɗan abin da ya rage mata a ka, ƙugiya ta ɗaga ta sama tana lilo. Ɗan ya ce gonarsu za a kai ta, can cikin ƙasa nesa da teku, inda iska ke busar da ciwo, kuma inda tsohon zai riƙa ganinta ta taga. Ba a tashe mu daga sito ba, ba a ƙara mana ko ƙwandala ba. Na taya su riƙe igiya, ba don an sa ni ba. Da aka kwantar da ita a bayan mota, dattijon ya miƙo mini hannu ta gilashi ya ce, "Khalas, habibi. Ka huta."

Hutun da ban taɓa jin mai ɗaci irinsa ba.

Alhaji ya tsaya yana kallon ramin ya ce, to ai ko ba komai an samu wurin juya mota. Badamagare ya buɗe baki zai yi tsokana, ya dubi fuskata, ya mayar ya rufe, ya je ya haɗo mini shayi da kansa, abin da bai taɓa yi ba tun da na san shi. Sukari ya yi yawa, amma na shanye.

Na tambayi ɗan daga baya, ya ce tana raye, ta ƙara rassa, ba ta dai yi 'ya'ya ba tukuna. Bai ce in zo in gani ba, ni ma ban roƙa ba. Dattijon kuwa bai ƙara tako ƙafarsa Ras Al Khor ba. In akwai magana ɗan ne ke zuwa, ya tsaya a bakin ƙofa, ko injin mota ba ya kashewa.